Kuturta Ciwon Jijiya Ce: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Wannan jawabi a kan kuturta ne, da abin da ya wajaba a kan shugabannin ƙasar Gwandu, musamman na Jega da Aliero da Jiga Birni da Maiyama.

A jikin ɗan Adam akwai jijiyoyi farare da suka fito daga laka suka bazu har kan yatsu, kamar wayar tangaraho. Su ke kai labarin zafi da sanyi da taɓawa, su ke sa gaɓoɓi motsi, su ke sa fata ta yi gumi. Abubuwa da dama suna lalata su, kamar ciwon suga, da shan barasa, da allurar da aka soka a ɗuwawu ba bisa ƙa'ida ba, da ɗorin da aka tamke ƙwarai. Amma wadda ta daɗe tana nakasa mutane a ƙasar nan ita ce kuturta.

Kuturta ba gado ba ce, ba kuwa sammu ba. Wata ƙwayar cuta ke kawo ta, wadda Likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano a 1873. Takan fito daga hancin wanda bai fara shan magani ba, ta kama wanda ya jima yana cuɗanya da shi. Cikin mutum 100, wajen 95 jikinsu ba ya karɓarta. Wanda ta kama kuwa, yakan yi shekara 5 ko fiye kafin ta bayyana.

Alamarta ta fari ita ce tabo mai haske a fata, ba ƙaiƙayi, ba gumi. In mutum ya rufe ido aka shafa wurin da auduga, ba zai ji ba. Daga nan jijiyar gwiwar hannu ko ta gefen gwiwar ƙafa takan kumbura. Sai ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ƙanƙance, ko ƙafa ta saki tana jan ƙasa, ko ido ya ƙi rufuwa.

Abin lura shi ne, ba cutar ce ke guntule yatsu ba, rashin ji ne. Manomin albasa ya taka ƙaya a fadama bai sani ba, ya yini yana aiki a kanta. Mace ta sauke tukunya daga murhu, hannu ya ƙone ba ta ji ba. Miki ya ruɓe, ya ci har ƙashi.

Dā akan kai masu ita asibitin Amanawa kusa da Sakkwato, su yi shekaru suna shan dafson. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da maganin haɗi, watau dafson da rifamfisin da kilofazimin, tun 1995 kuma kyauta ake bayarwa. Mai tabo 5 ko ƙasa da haka wata 6 zai sha, wanda ya fi haka wata 12, yana zaune a gidansa. Da ya kama sha, ya daina harbin kowa. Jijiyar da ta raunana, in an kai ta ga likita kafin wata 6, sau da yawa takan farfaɗo. Wadda ta daɗe da mutuwa ba ta dawowa.

Saboda haka hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa, duk mai irin wannan tabo a tura shi asibiti tare da mutanen gidansa a duba su. Malaman hakimai su riƙa bin sawun waɗanda suka fara magani kada su yanke, su kuma tsare musu asiri. Wanda ƙafarsa ba ta ji, a hore shi da sa takalmi mai laushi, da duba tafinsa kowace yamma, da jiƙa shi a ruwa ya shafa mai.

Kada a kori kowa daga gari ko kasuwa. Tsoron kora ne ke sa mutum ya ɓoye tabo a cikin riga, har ranar da hannu zai kasa riƙe fartanya.

Allah ya ƙara wa jama'a lafiya, amin.