Tambayoyin direbobi ga masu neman ƙuri'a

(Jawabin wakilin direbobi wurin taron ƙungiyar gari, yadda magatakarda ya rubuta shi.)



Ƴan uwana direbobi ne sunka turo ni. Kun sani zaɓen da anka yi na ƙarshe ƙasarga shi ne na Disamba 2020 da Fabrairu 2021, sa'an nan soja sunka karɓi mulki cikin Yuli 2023. Wani zai ce, to mi ya kawo zancen zaɓe yanzu? Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ran da anka buɗe fili, masu neman kujerar dipite da ta magajin gari za su zo, kuma motocinmu za su ɗauka haya, mu kwashe musu jama'a da makaɗa. Sun saba su ba mu kuɗin mai da hula su wuce. Wannan karon muna so su tarar da tambayoyinmu a rubuce.

Ta farko hanya ce. Kowane direba shina biyan peyaji in ya hau kwalta, a yago mishi tikiti. An ce kuɗin na asusun gyaran hanyoyi ne, wanda ake kira FER. Madalla, ba mu ƙi biya ba. Amma wanda ya bi babbar hanyar ƙasa daga Yamai zuwa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, ya san halin rami. Farkon damina shina kamar bakin ƙwarya, tifa guda ta isa ta rufe shi. In an bar shi, ruwa ya shiga ƙarƙashin kwalta, manyan motoci su dake shi, kafin kaka ya zama abin da ke karya sifirin, ya fasa taya. Wanda ya kauce mishi kuwa sai ya faɗa hannun mai zuwa. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda anka shimfiɗa don jigilar uraniyom, ta isa misali: rashin gyara a kan kari ne ya cinye ta. Saboda haka mai neman ƙuri'a ya gaya muna: in ya shiga majalisa, zai nemi a buga lissafin peyaji kowace shekara, nawa anka karɓa, wace hanya anka gyara da shi?

Ku manoma kada ku ce wannan namu ne mu kaɗai. Sifirin da ya karye, ku ne kuke biyan shi cikin kuɗin buhun gero da na albasa. Kuma in ƙorama ta yanke hanyar burji cikin Agusta don babu kwalbati, mai naƙuda a amalanke za a ɗauke ta zuwa likita. Wannan magajin gari za mu tambaya, ya faɗi wurin, ya faɗi shekarar.

Akwai dokar UEMOA ta 2005 da ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka. Lodi fiye da ƙima shi ke kashe kwalta tun ba ta tsufa ba. Amma ba direba ke yanke yawan lodi ba, mai mota ne da mai kaya. In za a ci tara wurin sikeli, a bi su.

Ta biyu mai. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke aiki, ƙarfinta ganga 20,000 a yini. Cikin Yuli 2024 an rage litar isansi daga tamma 540 zuwa 499, mun yi godiya. Sai dai da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, na ƴan ruwa-ruwa ya yi tsada, kowa ya koma gidan mai, matata ta kasa ƙosar da mu. Cikin Maris 2025 mun kwana bisa layi. Araha da ba a samu ba, ba ta tada mota. Mi ɗan takara ya tanada don kada a maimaita?

Ta ukku shingaye. Jandarma, ɗan sanda, ɗan duwan, kowa da aikinshi, kuma a wannan zamani na rashin tsaro ba mai hankalin da zai ce a daina bincike. Abin da muke roƙo kaɗan ne: wanda takardunshi sunka cika, da farmi da asirans da bizit, a sallame shi. Wanda ya yi laifi ya biya, a ba shi resi mai hatimi.

Shawararmu ita ce magatakarda ya rubuta tambayoyin nan, a buga su, a manna guda a tasha, guda ƙofar mai gari. Duk ɗan takarar da ya zo, ko na wace jam'iyya, a zaunar da shi a karanta mishi gaban dattawa, a rubuta amsarshi, ya sa hannu, takardar ta zauna akwatin ƙungiya. Masu amalanke da ƴan kabu-kabu, in kuna da abin ƙarawa, ku same mu tasha ran kasuwa bayan la'asar.