Waken Suya Da Tunkuza A Abincin Tarwada

Yau hirar tamu da masu kiwon kifi a cikin gida ce, ko a tankin roba ko a ɗan kwamin siminti a bayan ɗaki. Sana'a ce mai rufin asiri, ba sai kin taka ƙofar gida ba. Sai dai duk wadda ta taɓa ta ta san inda gizo ke saƙar: abinci. A cikin kowace naira 100 da za ki kashe, naira 60 zuwa 70 cikin tarwada suke tafiya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuwa, buhun abincin kamfani ya yi tashin gwauron zabo, mata da yawa suka kife tankunansu.

Me ya sa yake da tsada haka? Saboda garin kifin da ke cikinsa ne. Tarwada tana son sinadarin gina jiki, wato furotin, kamar kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na abincinta, garin busasshen kifi kuma yana da shi da yawa, yakan kai kashi 60. To amma uwargida, akwai furotin a madafinki. Tunkuzar da kike samu bayan kin matse man gyaɗa, idan ta bushe, tana da sama da kashi 40. Waken suyan da kike awara da shi yana da kusan kashi 40. Irin wannan bincike na cikin aikin cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa a Jihar Neja, kuma masana sun nuna ana iya maye kamar rabin garin kifi da waken suya, tarwada ta yi girmanta yadda ya kamata.

Ki lura fa, rabi na ce. Tarwada maciyar nama ce, akwai wasu sinadarai da jikinta ke nema waɗanda suka yi ƙaranci a gyaɗa da wake. Idan kika cire garin kifi gaba ɗaya, za ta ci ta ƙoshi amma ta tsumbure, wata shida ya yi ba ta kai sayarwa ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Yanzu sai gyara, don a nan ake yin asara. Kada ki kuskura ki ba kifi ɗanyen waken suya, yana da wani abu da ke hana cikinsu narkar da furotin. Ki soya shi a kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa yana ƙamshi. Kada ya ƙone, ƙonanne ya rasa amfaninsa. Tunkuza kuma ki ɗebi ta kifi tun kafin ki sa gishiri da yaji, ki shanya ta bushe ƙarau. Wadda ta yi funfuna ki zubar, gubarta tana lalata hantar kifi. Angurya ma tana da nata dafin, mai koyo ta bar ta tukuna.

Ga misalin haɗi na kilo 10, ki sa maigida ko yaro ya auno miki a sikeli: garin kifi kilo 2, soyayyen waken suya kilo 3 da rabi, tunkuza kilo 2, masara kilo 2. Ragowar rabin kilon ki cika da garin rogo don ya riƙe haɗin, da ɗan garin ƙashi, da garin bitamin na kifi da ake samu wurin masu maganin dabbobi. A niƙa da laushi, ki kwaɓa da ruwan zafi, ki murza a injin niƙa nama na hannu ya fito kamar taliya, ki gutsuttsura daidai bakin kifinki, ki shanya.

Abu biyu za ki kiyaye. 'Yan ƙananan kifi ki bar su a kan na kamfani har su yi kamar wata biyu. Sannan haɗin gida nutsewa yake yi, don haka ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina kallo, da sun rage wawaso ki tsaya. Abin da ya kwanta a ƙasa ruɓewa zai yi ya ɓata ruwa, ruwa kuwa shi ne ran kifi.

In kina da tanki biyu, ki fara gwadawa a ɗaya. Ki sami ɗan littafi ki rubuta abin da kika kashe a kowanne, bayan wata guda ki auna kifi goma daga nan, goma daga can. Lissafin shi zai gaya miki gaskiya.

A nan za mu dakata. Allah ya sa albarka a sana'a, a gaida maigida da yara, sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.