Bango da Ruwa: Kalmomin da Ya Kamata Mai Gini Ya Sani



Duk wanda ya tara kuɗin gumi zai yi gini, kafin ya sayi bulo ko ɗaya, ina roƙonsa ya koyi yaren magina. Mafi yawan kalmomin sana'ar nan, in kun lura, a kan abu guda suke: yadda za a raba bango da ruwa.

Maginan zamanin da sun san haka sarai. Suna kwaɓa birji da ciyawa, su mulmula tubali, su shanya a rana, su jera shi tsininsa na kallon sama. Rufin soro da azara ake yi, wadda ake tsagawa daga giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Da yake azara ba ta ɗaukar faɗi mai yawa, sai suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga. Ku je Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ku ɗaga kai ku gani. Amma me ya tsare irin waɗannan gine-gine? Makuba ce, daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, sai indararo mai watsa ruwan sama nesa da gindin bango. Ga kuma yaɓe, ana sabunta shi kafin damina. Ilimin bai mutu ba: a 1986 masallacin Yaama na jihar Tahoua, aikin Falke Barmou, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine.

Yau muna zancen fandisho, rodi, linta, dakin, kwano da silin. Waɗannan kowa ya ji su. Wadda nake so ku riƙe ita ce dipisi, wato shimfiɗar kankare da leda da ake yi a kan harsashi don hana danshin ƙasa hawa bango. Ba a ganinta bayan an gama gini, shi ya sa ita ake fara ha'inta. Bayan damina biyu fenti ya kumbura, filasta ta fara zuba, mai gida ya ɗora laifi a kan mai fenti.

Sai ban ruwa. Kankare ba bushewa yake bukata ba, jiƙa yake so, aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka auna masa. Idan birkila ya ce muku kwaɓin "ɗaya, biyu, huɗu" zai yi, yana nufin awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Ku tsaya a wurin ranar zubi ku ƙirga awon da kanku, ku kuma tambayi mai buga bulo guda nawa yake fitarwa daga buhun siminti ɗaya mai kilo 50.