Darasi Daga Rayuwar Marigayi Usman Jibrin

Shugaban ƙungiya, iyayenmu sarakuna, 'yan'uwa 'yan asalin Bagudo mazauna birane.

Marigayi Guruf Kyaftin Usman Jibrin, ɗan garin Nasarawa, ya tuƙa jiragen yaƙi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya naɗa shi gwamnan soja a Kaduna. Allah ya yi masa rasuwa a 2011.

Ba a danƙa wa matashi jirgin yaƙi sai ya ƙware a lissafi da kimiyya. Mu da ke bakin iyakar Benin, daga Ka'oje zuwa Illo da Lolo, kullum kukan tsaro muke yi, amma 'ya'yanmu nawa ke neman shiga Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna? Mu haɗa hannu mu samar wa makarantunmu malaman waɗannan darussa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.