Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Kawo Masu Ƙididdiga Kasuwa?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, Kano. Ya ce wasu samari sun zo rumfarsa suna tambayar cinikinsa na wata da yawan yaransa, shi kuwa ya faɗa musu rabi. Yana tambaya, shin ba haraji ake shirin aza musu ba?

To, Alhaji, tsoron nan naka yana da asali. A zamanin En'e, in aka ƙirga shanu, jangali ne ke biyowa baya, sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke shi da haraji a Kano da Kaduna. A 1929 ma, ƙirga mata da dabbobi ne ya ta da boren matan Aba. Amma aikin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa daban yake da na masu karɓar haraji, kuma dokarta ta 2007 ta hana a bayyana amsar mutum da sunansa.

Kai ma dai mai sauƙi ne, tunda kana da rumfa. Binciken hukumar na 2023 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya sana'arsu ba ta hukuma ba ce. To, ina za a samo sunayensu? Mai shayi yau yana bakin tasha, gobe an tashe shi. Ɗan ci-rani yana ga-ruwa a birni, da ruwan fari ya sauka sai gona. Matar da ke ƙuli-ƙuli a cikin gida 'yarta ce ke kai talla, kuma ba a shiga ya hana saurayi mai takarda isa wurinta. Ko an same ta, me za ta ce? Uwar kuɗi da riba da kuɗin cefane duk a bakin zane ɗaya suke ɗaure. Ni da na yi koyarwa, na san wuyar tambayar mutum abin da bai taɓa rubutawa ba.

Ka ga illar abin a 2014. Da aka sake lissafin arzikin ƙasa aka shigar da irin su wayar salula da finafinai, sai ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa 510. Dukiyar tana nan, ba a dai ƙirga ta ba.

Saboda haka rabin da ka ɓoye, Alhaji, kasuwarku ka rage wa nauyi a idon masu tsara rance da hanya da wutar lantarki. In sun dawo, ka nemi katin shaidarsu, ka tuntuɓi shugabannin kasuwa. In ka gamsu, ka ba su lissafi na gaskiya. Wanda ya nemi ko kwabo a hannunka kuwa, ba ma'aikacin ƙididdiga ba ne.