Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Darasi Daga Masu Zane Na Zariya



Galibinmu mun ɗauka zane aikin mutum ɗaya ne, wato ya kulle kansa a ɗaki, daga shi sai burushi da fenti. To, tarihin wannan haraba ta Samaru bai goyi bayan wannan zato ba.

A shekarar 1958, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, lokacin nan wurin kwaleji ne, waɗansu ɗaliban sashen zane suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da Simon Okeke. Abin da ya dame su shi ne, ana koya musu zane bisa tsarin Ingila, ba a ba fasahar iyayensu wani muhimmanci ba. Sai suka riƙa zama suna tattaunawa, suna duba aikin juna, kowa kuma yana bincikar al'adun garinsu yana kawo wa sauran. A 1960 Uche Okeke ya tsara manufarsu, cewa a ɗauki dabarar zamani a haɗa ta da gadon gida har su zama abu guda. A wannan shekarar ce kuma shi da Nwoko da Onobrakpeya suka haɗa hannu suka yi zanen bango a wurin baje kolin bikin samun mulkin kai a Legas.

Jama'a, abin lura a nan shi ne, wannan cuɗanya ba ta sa hannunsu ya zama iri ɗaya ba. Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, ya kuma yaɗa shi a Jami'ar Nsukka. Onobrakpeya ya rungumi tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya shahara da shuɗin launi da zanen rayuwar Yarabawan Legas. Nwoko kuwa har gine-gine ya shiga tsarawa a Ibadan. Ƙungiyar ta watse a 1961, shekara uku kacal, amma har yau da ita ake fara ba da tarihin zanen zamani a Nijeriya.

Mu fa? Da yawanmu ɓoye aikinmu muke yi don tsoron kada a kwaikwaye mu, sai ranar jarrabawa za a gan shi, lokacin da gyara ba shi da sauran amfani. Alhali ga adon bangon magina a cikin birnin Zazzau, ga ɗinkin malum-malum, ga rini, duk suna jiran mu yi nazarinsu tare.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ware yamma ɗaya kowane mako, kowa ya kawo aikin da bai gama ba, a duba, a faɗa masa gaskiya, shi ma ya faɗa wa wani. Allah ya yi mana jagora.

Wassalam.