Rariya a Jikin Katanga: Jawabi Kan Isa ga Sabar Daga Nesa



Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata 8. Duk wanda aikin bincikensa ke cikin sabar sashensu, shi kuwa yana Gumel ko Zuru, sai dai haƙuri. Dalili kuwa, sabar tana bayan katangar tsaro, galibi ma ba ta da adireshin kanta a intanet. Tana iya kiran waje, amma ba a iya kiranta.

Dabarar ita ce a huda rariya. A yi hayar wata kwamfuta mai tsayayyen adireshi, sa'an nan a sa wa dukkansu manhajar WireGuard, wadda Jason Donenfeld ya rubuta, aka shigar da ita cikin Linux a 2020. Sabar ce za ta fara kira, yawanci ta kafa mai lamba 51820, kai kuma ka tarar da ita can. Kowace na'ura tana da makulli biyu, na sirri da na fili, na fili kaɗai ake musanyawa. A umurci sabar ta riƙa aika ɗan saƙo duk daƙiƙa 25, in ba haka ba katanga ta ɗauka zance ya ƙare, ta toshe hanya. A kuma tabbata manhajar tana tashi da kanta in an maido wuta, ai kun san halin wutarmu.

Sai dai ta inda ruwa ke fita, ta nan ɓera ke shiga. Kada kowa ya huda ba da izinin mai kula da na'urorin jami'a ba. Ranar da wayar wani ta ɓace kuwa, a cire makullinta tun kafin magariba.